Darasi na 7: Hankalin yaro mai tasowa

A gidaje da yawa na Tawa, da an kai hatsi rumbu sai maigida ya kama hanyar bida, ko Abijan, ko Libiya, ko Najeriya. Uwa ake bari da yara. Ku dubi ɗanta mai shekara 15. Da can shi ne mai surutun gidan. Yanzu da ya dawo daga lakwal sai ya fice fada, ba a ganinsa sai tsakar dare. Uwa ta ce taurin kai ne. Sau da yawa damuwa ce ta cika masa ciki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da ciwon da ya shafi tunani. Ƴaƴanmu na ciki.

Babban abin da ke riƙe yaro shi ne ya sami babba ko guda ɗaya mai saurarensa. A nan kunyarmu takan shiga tsakani, musamman ga ɗan fari, wanda uwa ko sunansa ba ta kamawa. To, ba sai an karya al'ada ba. Akwai kaka, akwai kawu, akwai gwaggo. Kaka ta ce, "Zo ka sha fura, maigidana, me ke damunka?" Sai ta yi shiru ta jira. Jiran nan shi ne mai wuya. Uba kuma idan ya kira daga bida, kada maganar ta tsaya kan kuɗi. Ya ce a miƙa wa yaron wayar su yi magana.

Barci ma magani ne. Matashi na buƙatar awa 8 zuwa 10, amma shayi mai ƙarfi da latsa waya suna cinye daren. Yarinya mai yawan kasala kuwa, a duba ko ƙarancin jini ne kafin a ce lalaci. Zagi a gaban mutane yana daɗewa a zuciya fiye da yadda muke zato, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Idan baƙin ciki ya wuce mako biyu, ko kun ga tramol a aljihunsa, ku kai shi asibiti. Idan ya ce "gara in mutu", ranar za ku tafi, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Aiki: A littafinku, ku rubuta shekarun kowane matashi na gidanku, da wanda yake gaya wa damuwarsa.