Yadda Ake Karanta Alƙaluman Caca da Yin Hasashe a Ƙwallon Jami'o'in Amurka

Daga ƙarshen watan Agusta zuwa farkon Disamba, kusan kowace Asabar ƙungiyoyin jami'o'in Amurka sama da 130 da ke babban mataki suna fafatawa a wasan da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa, wato wanda ake rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai a ruga da ita ko a jefa ta da hannu. Duk wanda ya fara bibiyar wannan wasa zai ga wasu lambobi masu alamar ragi ko ta ƙari a gefen sunan kowace ƙungiya, kuma zai ji masu sharhi suna ambaton su kamar kowa ya san ma'anarsu. Kamfanonin caca ne ke fitar da waɗannan lambobi, kuma sun yawaita a allon talabijin tun daga watan Mayun 2018, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar tarayya da ta hana yawancin jihohi halatta caca a kan wasanni. Ni dai ba na ba kowa shawarar ya zuba kuɗinsa a caca, kuma lissafin da zai zo nan gaba zai nuna dalilina. Sai dai lambobin kansu suna ɗauke da bayani mai amfani, domin su ne taƙaitaccen ra'ayin mutane masu yawan gaske game da ƙarfin ƙungiyoyi biyu, kuma mai son ya iya hasashe yana iya amfani da su a matsayin ma'aunin gwada fahimtarsa ba tare da ya ajiye ko dala ɗaya ba.

Kafin komai sai ka riƙe yadda ake samun maki, domin duk lissafin a kansa ya ginu. Idan ɗan wasa ya kai ƙwallo cikin gidan abokan hamayya, ƙungiyarsa ta samu maki 6, sannan a ba ta damar ƙara maki 1 da bugun ƙafa ko maki 2 da sake kutsawa cikin gidan. Bugun da ya ratsa tsakanin sanduna biyu yana kawo maki 3. Wannan ne ya sa maki ke zuwa galibi bakwai-bakwai da uku-uku, kuma shi ya sa tazarar maki 3 da ta maki 7 suka fi kowace tazara yawan faruwa a ƙarshen wasa. Ba a tashi kunnen doki a wannan mataki, ana ƙarin lokaci ne har sai an samu wanda ya ci.

Lamba ta farko da za ka koya ita ce tazarar maki. Idan ka ga an rubuta -7 a gaban sunan wata ƙungiya, ma'anarsa ita ake kyautata wa zaton nasara, kuma ana tsammanin za ta ci da bambancin maki bakwai. Abokiyar karawarta kuwa za ka gan ta da +7. A wajen masu caca, ƙungiyar da ke da alamar ragi ba ta cika alkawari ba sai ta ci da fiye da maki bakwai, saboda haka idan aka tashi 27 da 24 ta ci wasa a fili amma ta gaza a takarda. Idan bambancin ya tsaya daidai a kan bakwai, babu wanda ya ci, sai a mayar wa kowa kuɗinsa. Don kauce wa hakan ne ake yawan ƙara rabin maki, ka ga 6.5 ko 7.5. Kada ka raina wannan rabin, domin tsakanin 6.5 da 7.5 akwai bambanci mai girma fiye da wanda ke tsakanin 11.5 da 12.5, tunda bakwai lamba ce da wasa ke yawan ƙarewa a kanta.

Lamba ta biyu ita ce jimillar maki, wato abin da ake tsammanin ƙungiyoyin biyu za su tara gaba ɗaya. Idan ka haɗa ta da tazarar maki, za ka fitar da sakamakon da kasuwar ke hange. A ce jimilla 52 ce kuma tazara 10 ce. Sai ka tara su ka raba biyu, ka samu 31, wanda shi ne makin babbar ƙungiya, ragowar 21 kuma na ƙaramar ne. Wannan ɗan lissafi yana da daɗin yi, domin yana mayar da lambobi biyu busassu su zama hoton wasa, kuma daga nan kana iya tambayar kanka ko da gaske waccan ƙungiya mai raunin kai hari za ta iya kaiwa maki 21. Jimillar tana kuma bayyana salon wasa. Ƙungiyoyin makarantun soja, wato Army da Navy da Air Force, sun shahara da gudu da ƙwallo a ƙasa, abin da ke cinye lokaci ya rage yawan damar cin maki. Ƙungiyar jami'ar Iowa ma a kakar 2023 ta kai matsayin da ake sa jimillar wasu wasanninta ƙasa da maki 30, kuma wasanta da Nebraska a ƙarshen watan Nuwamba ya tashi 13 da 10.

Lamba ta uku ita ce farashin nasara kai tsaye, ba tare da la'akari da tazara ba. Idan an rubuta -200, ana nufin sai mutum ya ajiye dala 200 kafin ya samu ribar dala 100. Idan an rubuta +170, wanda ya ajiye dala 100 zai samu ribar dala 170. Amfanin wannan ga mai hasashe shi ne a mayar da shi kaso cikin ɗari. Ga mai alamar ragi, ka raba 200 da 300 (wato 200 a tara da 100), ka samu kusan kashi 67 cikin ɗari. Ga mai alamar ƙari, ka raba 100 da 270 (wato 170 a tara da 100), ka samu kusan kashi 37. Idan ka tara su za ka ga sun haura ɗari da kusan kashi huɗu, kuma wannan rarar ita ce ladan kamfani. Haka abin yake a tazarar maki, inda farashin da aka saba shi ne -110 a kowane ɓangare: mutum biyu su ajiye dala 110 kowannensu, wanda ya ci ya karɓi 210, kamfani ya riƙe 10. Ma'ana, mai caca yana bukatar ya dace a fiye da kashi 52 cikin ɗari na zaɓinsa kafin ma ya dawo da uwar kuɗinsa, alhali an tsara tazarar ne don kowane ɓangare ya zama kusan rabi da rabi. Wannan shi ne dalilin da na ambata tun farko.

Idan ka iya karanta lambobin, sai ka koma ga naka hasashen, kuma a nan akwai ƙa'ida ɗaya da nake ganin ta fi sauran muhimmanci: ka rubuta tazararka kafin ka kalli ta kasuwa. Wanda ya fara ganin -14 ba zai ƙara iya tunani nesa da goma sha huɗu ba, duk abin da zai faɗa zai riƙa zagaye ta ne. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ba kowace ƙungiya lambar ƙarfi, ka ɗebe ta ƙarama daga ta babba, sannan ka ƙara wa mai masaukin baƙi maki biyu da rabi zuwa uku, wanda shi ne abin da aka saba ƙiyasta wa wasa a gida. Ba sai ka ƙirƙiro lambobin daga kanka ba, domin akwai ma'aunai da ake wallafawa kowane mako, kamar SP+ na Bill Connelly da FPI na tashar ESPN, waɗanda ke auna nagartar kowane hari da kowane tsaro. Jadawalin ƙungiyoyi 25 na kamfanin dillancin labarai na AP kuwa ƙuri'ar 'yan jarida ce, tana saka wa wanda ya ci wasa ne, ba lalle ta nuna wanda ya fi ƙarfi ba. Saboda haka kada ka yi mamaki idan ka ga ƙungiyar da ke ta 18 an fifita ta a kan wadda ke ta 10.

Bayan lambar ƙarfi sai gyare-gyare, kuma babbansu shi ne lafiyar mai jefa ƙwallo, wanda shi ke jagorantar hari. Raunin wannan ɗan wasa guda ɗaya yana iya motsa tazara da maki masu yawa, abin da ba ya faruwa da sauran 'yan wasa. Rukunin Big Ten, ɗaya daga cikin manyan rukunonin jami'o'in da ke fafatawa a tsakaninsu, ya fara fitar da rahoton waɗanda za su iya buga wasa a 2023, rukunin SEC ya bi sahu a 2024, don haka samun labarin ya fi sauƙi a yanzu. Ka duba yanayi ma, musamman iska mai ƙarfi, wadda ta fi ruwan sama dagula jifa da bugu. Ka duba nisan tafiya, domin tun da jami'o'in yammacin ƙasar, wato USC da UCLA da Oregon da Washington, suka shiga Big Ten a 2024, ƙungiyoyi suna ratsa ƙasar daga gaɓa zuwa gaɓa don wasa ɗaya. Sannan ka yi hattara da sakamakon bara, domin tun da aka buɗe ƙofar sauya makaranta kuma aka ba 'yan wasa izinin samun kuɗi da sunansu a 2021, ƙungiya tana iya sauya rabin fuskarta cikin 'yan watanni.

Wasannin ƙarshen kaka suna da nasu tarkon. Zuwa Disambar 2023 Florida State ta ci dukkan wasanninta 13 na kakar, amma aka bar ta a waje a gasar fitar da zakara ta ƙungiyoyi huɗu bayan raunin mai jefa mata ƙwallo, Jordan Travis. Da yawa daga manyan 'yan wasanta suka janye daga wasan ƙarshen kaka da ake kira Orange Bowl, Georgia kuwa ta lallasa ta da ci 63 da 3. Wanda ya yi hasashe da tarihin kakar kaɗai, bai duba waɗanda za su shiga fili ba, ya yi nisa da gaskiya.

Idan tazararka ta bambanta da ta kasuwa da maki ɗaya ko biyu, wannan ba wani abu ba ne. Idan ta bambanta da bakwai, ka fara zargin kanka tukuna, ka nemi labarin da ya wuce ka. Duk da haka kasuwar ba ma'asumiya ba ce, kuma 'yan wasan nan matasa ne masu shekara 18 zuwa ashirin da 'yan kai. A 2007 Stanford ta doke USC da ci 24 da 23 a Los Angeles alhali an fifita USC da maki 41. A Satumbar 2024 Northern Illinois ta je gidan Notre Dame ta ci 16 da 14, amma Notre Dame ɗin ce ta kai wasan ƙarshe na gasar da aka faɗaɗa zuwa ƙungiyoyi 12 a wannan kaka. Darasin da mai hasashe zai ɗauka a nan shi ne kada sakamakon mako ɗaya ya sa ya rushe lambar ƙarfin da ya gina a kan wasanni da yawa, ya gyara ta kaɗan-kaɗan ne.

Sai batun magoya baya, wanda ke shiga lissafi ta fuska biyu. Fuska ta farko a fili take. Filin Michigan da ke Ann Arbor yana ɗaukar mutum fiye da dubu 107, na Penn State ma ya haura dubu 100, kuma a can ne 'yan kallo ke sanya fararen kaya baki ɗaya a babban wasan shekara. A Texas A&M ɗalibai suna tsayuwa a kan ƙafafunsu tun daga farkon wasa har ƙarshe, suna kiran kansu ɗan wasa na goma sha biyu. Ihun irin wannan taro yana da tasiri na zahiri, domin baƙi ba sa jin umarnin jagoransu, sai su motsa kafin lokaci a hukunta su da komawa baya yadi biyar. Saboda haka fifikon gida ba ɗaya ba ne a ko'ina, wasan dare a filin jami'ar jihar Louisiana (LSU) da ke Baton Rouge ya wuce wasan rana a filin da rabinsa ba kowa. Wasannin tsohuwar gaba ma sukan bijire wa lissafi: a Nuwambar 2024 an fifita Ohio State da kusan maki 20 a gidanta, Michigan ta ci 13 da 10, kuma bayan makonni kaɗan Ohio State ɗin ce ta ɗauki kofin ƙasa.

Fuska ta biyu a zuciyarka take. So hana ganin laifi, kuma mai goyon baya kusan kullum yana ƙara wa ƙungiyarsa maki uku ko huɗu bai sani ba. Maganin da na fi yarda da shi shi ne ka cire wasan ƙungiyarka daga jerin hasashenka gaba ɗaya, ka kalle shi a matsayin masoyi kawai. Idan ba za ka iya ba, to ka ware masa shafi na dabam a littafin da kake rubuta hasashenka, domin a ƙarshen kaka ka ga girman son zuciyarka da idonka. Haka kuma ka tuna cewa waɗanda ke cikin fili ɗalibai ne. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta haramta musu yin caca a kan wasannin jami'o'i, kuma shugabanta Charlie Baker ya nemi jihohi a 2024 su hana caca a kan ƙwazon ɗan wasa guda, saboda zagi da barazanar da wasu ke aika wa yaran idan sun yi asara. Jihohi irin su Ohio da Maryland da Louisiana sun hana ta. Mai goyon baya na gaskiya ba ya aika wa yaro ɗan shekara sha tara saƙon cin mutunci don ya ɓarar da bugu.

Littafin da na ambata shi ne kayan aikinka na ƙarshe. Kowane mako ka zaɓi wasanni biyar zuwa takwas daga rukuni ɗaya da ka sani sosai, ka rubuta tazararka da dalilinka a jimla ɗaya, ka rubuta tazarar kasuwa ta farkon mako da ta daf da fara wasa, sannan ka rubuta sakamako. Abin dubawa ba yawan wasannin da ka canka kaɗai ba ne, har da ko tazarar kasuwa ta matso kusa da taka kafin a fara wasa, domin hakan yana nuna ka hango abin da wasu suka gano daga baya. Kada ka yanke wa kanka hukunci da mako uku ko huɗu, ka bari sai ka tara aƙalla wasanni hamsin kafin ka kwatanta kuskurenka da na kasuwa.