Yadda ake tsara ƴan sa-kai kafin ruwa ya yi ɓarna a Damagaram

A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni, ginin ƙasa da ya haura shekara ɗari. A rana irin wannan Damagarawa ba sa jiran a kira su, kowa fitowa yake yi. Abin da ake rasawa shi ne mai cewa: kai ga aikinka, ke ga naki. Don haka a fara shiri tun watan Yuni, kafin damina ta kankama.

A fara da mai unguwa da limami, don da yawunsu ne magidanta za su buɗe ƙofa. Daga nan a bi fadojin samari da ƙungiyoyin mata da littafi a hannu: suna, lambar salula, unguwa, da abin da mutum ya iya. Magini daban, mai kabu-kabu daban, ungozoma daban. Kada a manta da mata, domin su kaɗai ke shiga gidan kulle ba tare da an tsaya sallama ba.

Sai a kasa su biyar-biyar ko shida-shida, kowane rukuni da shugaba ɗaya. Umarni daga bakinsa kawai yake fitowa.

Karɓar sabon shiga ita ce ta fi buƙatar natsuwa. Kada a miƙa masa shebur ranar da ya zo. A zaunar da shi, a nuna masa yadda katangar ƙasa da ta sha ruwa take tsagewa daga tushe, a gaya masa ba a shiga ɗakin da azararsa ta sunkuya, ba a taɓa wayar lantarki da ta faɗi, ba a jan wanda gini ya danne da ƙarfi. Ya haddace lamba 18 ta ƴan kwana-kwana. Fitarsa ta farko ta zama tare da tsohon hannu, kuma a nemi ƴan ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge su koya masa taimakon farko. Ni a ganina, yaron da bai kai shekara 18 ba aikinsa rabon ruwa da kai saƙo.

Ranar aiki, a rubuta wanda ya fita da wanda ya dawo. Saƙo a WhatsApp ya zama na murya, don ba kowa ke karatu ba. A tanadi ruwan sha da sabulu, saboda amai da gudawa na bin bayan ambaliya, kuma duk wanda ya kwana yana aiki a sallame shi da safe ya je ya huta.