Yadda zaka ɗauki hoton hawan sallah a Zariya

Ɗan uwa in kana son hoton da jarida zata karɓa, ka riga jama'a isa Ƙofar Fada, ka samu waje mai ɗan tudu, rana ta kasance a bayanka. Lokacin jafi dawakai a guje suke zuwa, to ka kai gudun shata (saurin da kyamara ke ɗaukar hoto) 1/1000 na daƙiƙa in ba haka ba hoton dishi-dishi zai fito, in waya ce saita ta ta ɗauko hotuna dayawa a jere. Kar ka tsaya kan mai martaba kaɗai, ɗauki 'yan lifidi, masu algaita, yaron da ke riƙe da linzami ƙura ta buɗe shi. Dattawa da mata kam sai ka nemi izini. Kafin ka tura rubuta wuri da kwanan wata, kuma don Allah banda ƙari ko gogewa a hoton labari.