"Wallahi a Kwamfutata Yana Aiki": Kurakuran Masu Haɗa Ƙunshin Manhaja

Wata uku ke nan ina duba ayyukan ƙannenmu da ke koyon sana'ar haɗa manhaja a Yaba, a nan Legas, wasu daga Agege suke tasowa, wasu daga Idi-Araba. Duk wanda aikinsa ya faɗi a Jenkins ko GitHub Actions, wato layin gini da ke haɗa ƙunshin manhaja ya gwada shi da kansa a kan sabar (babbar kwamfutar da ke ɗaukar aikin), magana ɗaya ce a bakinsa: "Yaya, wallahi a kwamfutata yana aiki." Na gaji da jin ta. Ai ba kwamfutarka za a kai wa mai kaya ba, ƙunshin da sabar ta haɗa shi za a kai.

Bari in fara da wanda ya taɓa ƙona ni: rashin ɗaure lambar siga. Mutum ya buɗe requirements.txt, fayil ɗin da ake lissafa laburare (gutsattsarin manhaja na wasu da aikinka ya dogara da su), ya jera sunayensu tsurarsu, babu lamba. Ma'anarsa ka ce wa pip, mai sauko da laburaren Python, duk abin da ta tarar a kasuwa yau ta kwaso maka.

A Disamba 2020 ina yi wa wani kamfanin jigilar kaya a Apapa aiki. Na rubuta musu 'yar manhaja da Python, kullum da safe ta karanta takardun Excel ta fitar da rasit. Harafi ɗaya na gyara a saƙon da take turawa, na tura, layin gini ya sake haɗa ƙunshi, na kama hanyar gida. Ashe a kwanakin nan xlrd, laburaren da manhajar ke karanta Excel da ita, ta fitar da siga 2.0, wadda ta daina karanta fayil ɗin xlsx na Excel ɗungurungum. Washegari ina cikin cunkoso, lokacin ana gyaran gadar Third Mainland rabinta a rufe, sai waya ta fara ruri. Direbobi sun yi layi, babu rasit ko ɗaya. A cikin danfo na buɗe kwamfuta a kan cinya, kwandasta na ta bangaje min gwiwar hannu, ina neman laifi a harafin da na gyara. Sai bayan azahar na gano bakin zaren, na koma wata laburaren, openpyxl. A kwamfutata kuwa komai lafiya lau, don tsohuwar sigar na nan zaune.

Tun ranar ban ƙara sakaci ba. Kowace laburare da == da lambarta, wata manhaja mai suna pip-compile ke rubuta min har da waɗanda suke rataye a jikinsu. In aikin Node ne (wato JavaScript), package-lock.json, fayil ɗin da ke ɗaure lambobin siga, ya shiga Git, ma'ajiyar tarihin aiki; a layin gini kuma umarnin npm ci, mai bin fayil ɗin sak, ba npm install ba. Docker, mai ƙunshe manhaja da duk kayan da take buƙata, ma haka: duk wanda ya rubuta python:latest, wato a ba shi sigar da ta fi sabunta, mayar masa da aikinsa nake yi. Wasu abokaina suna barin Dependabot, mai kawo sabbin sigogin laburare, ya haɗe sabuntawa da kansa in gwaji ya wuce. Ni ban yarda ba. Talata da safe nake dubawa da idona, ranar Juma'a kuwa ko da kuɗi ba na taɓawa.

Na biyun ya fi ba ni haushi, don lalaci ne tsagwaronsa. Ka haɗa ƙunshi, an gwada, ya wuce, sai kuma ka sake haɗa wani sabo don kai wa masu amfani. Haba malam! To wanne aka gwada? Wanda ka saki babu wanda ya taɓa ganinsa. Sau ɗaya ake gini, a adana ƙunshin, shi ɗin dai za a ɗaga daga wurin gwaji zuwa wurin aiki. Saiti kawai ke canjawa, shi ma daga waje ake ba shi. Ga kuma masu danne 1.0.0 da wani 1.0.0 kullum, ranar da abu ya lalace a rasa inda za a koma. Ba banza PyPI, rumbun laburaren Python, ke ƙin karɓar fayil da sunan da aka taɓa ɗorawa ba. Ni har gutsuren lambar da Git ke bai wa kowane canji nake liƙawa a sunan ƙunshi, wai na cika tsanani. Na ji.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Kalmar sirri a cikin fayil ɗin saiti na .env da ta shiga Git, goge ta ba ya fitar da ita daga tarihi. Canja kalmar sirrin nan take. Windows ba ta damu da bambancin Config.json da config.json ba, Linux ɗin sabar ta damu. Hanyar fayil da ta fara da C:\Users da sunanka, a gidanku kawai take aiki. Kada ka tura node_modules, inda Node ke zuba laburaren da ya sauko da su, cikin ma'ajiyar Git.

Sai agogo. Jadawalin GitHub Actions da lokacin UTC, agogon bai-ɗaya na duniya, yake tafiya, Legas kuwa tana gaba da awa ɗaya. Makon jiya wani yaro ya saita aikinsa ƙarfe 6 na safe, ya zauna yana jira tun bayan asuba, har ya kira ni wai sabar ta mutu. Ina cikin tambayarsa abin da ya rubuta, ƙarfe 7 ta buga, aikin ya tashi.