Yadda Ake Zaɓa Wa Sabon Makaranci Littafin Bincike Mai Sanyi

Akwai wani nau'in labarin bincike da nake ganin ya fi kowane dacewa da mutumin da bai saba karatun nishaɗi ba, wanda Turawan Ingila suke kira cosy mystery, Faransawa kuma suka ari sunan yadda yake. Ni ina ce masa labarin bincike mai sanyi, domin ko da yake akan yi kisa ko sata a cikinsa, marubucin ba ya tsayawa siffanta jini da rauni, ba ya kawo batsa, kuma mai tono gaskiyar galibi tsohuwa ce ko wani mutumin gari wanda idonsa da kunnensa su ne kayan aikinsa. Na daɗe ina ba mutane aron irin waɗannan littattafai a nan Garwa, ɗalibai da matan aure da ma'aikatan da suka yi ritaya, kuma na lura cewa littafin farko shi ke yanke hukunci. In ya dace da mutum zai dawo neman na biyu tun kafin a tambaye shi, in kuwa bai dace ba sai ya ce ai shi karatu ba nasa ba ne.

Saboda haka kada ka fara da littafin da kai ka fi so, ka fara da tambayar mutumin. Ka ji abin da ya saba karantawa ko saurare, ko littattafan soyayya ne na Kano da ake karantawa a waya, ko fina-finai, ko kuwa rabonsa da littafi tun yana makaranta. Ka kuma auna ƙarfin Faransancinsa cikin hikima ba tare da ka kunyata shi ba, domin mafi yawan waɗannan littattafai da Ingilishi aka rubuta su, mu kuma a arewacin Kamaru da Chadi fassarar Faransanci ce ta fi zuwa hannunmu.

Wanda na fi miƙa wa sabon shiga shi ne Mma Ramotswe détective na Alexander McCall Smith, wanda aka haifa a Bulawayo ta ƙasar Zimbabuwe ta yau a 1948, littafin kuma ya fara fitowa da Ingilishi a 1998. Labarin Precious Ramotswe ne, wata mata a Gaborone ta ƙasar Botsuwana, wadda mahaifinta ya yi shekaru yana aikin haƙar ma'adinai a Afirka ta Kudu yana tara abin da ya samu a shanu, da ya rasu sai ta sayar da shanun ta buɗe ofishin bincike. Duk wanda ya tashi a ƙasar Binuwai ko Adamawa ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da garke yake nufi ga mutum, kuma wannan kusanci shi ke sa makaranci ya saki jiki tun daga shafukan farko. Matsalolin da ake kawo mata irin na unguwa ne: miji ya ɓace, wani ya zo yana da'awar shi ne uban wata don ya ci arzikinta, likita yana aikin da ke sa a yi shakkar takardunsa. Tana warware su da haƙuri da sanin halin mutane, tana shan shayinta tare da sakatariyarta Grace Makutsi, wadda take alfahari da maki 97 cikin 100 da ta samu a makarantar koyon aikin ofis. Harshen fassarar mai sauƙi ne, kuma babi da dama kusan labari ne mai zaman kansa, don haka mai aiki da yawa zai iya karanta ɗaya bayan isha'i ya ajiye. Sai dai ka gaya wa wanda za ka ba cewa akwai wurare biyu masu nauyi, wato auren da Precious ta yi da mutumin da yake dukanta, da kuma yaron da ake zargin matsafa sun sace. Gara ya ji daga bakinka da ya ci karo da su ba shiri, musamman in mace ce da ta taɓa ɗanɗana irin wannan aure. In ya gama yana son ƙari, na biyu shi ne Les Larmes de la girafe, kuma jerin ya haura littafi 20, wanda ya kamata a bi shi a jere saboda rayuwar mutanen tana ci gaba daga wannan zuwa wancan.

Mai son kacici-kacici kuwa, wanda daɗinsa shi ne ya rigaya mai bincike gano mai laifi, Agatha Christie ce tasa. Jarumarta Miss Marple, tsohuwar da ba ta taɓa aure ba a ƙauyen St Mary Mead na Ingila, ta fara bayyana a cikakken littafi a 1930, wanda aka fassara da suna L'Affaire Protheroe, kuma cikakkun littattafan da Marple ta fito a cikinsu 12 ne. Dabararta ita ce duk wanda ta gani sai ta kwatanta shi da wani da ta sani a ƙauyensu, ta ce mai irin wannan hali ga abin da yakan aikata. Na taɓa ba wata goggona ɗaya daga ciki, da ta dawo da shi sai ta ce: "Ɗana, wannan tsohuwa ai akwai irinta a kowace unguwa, tana zaune a tsakar gida amma babu abin da ke wuce ta." Ba dole a bi su a jere ba, kuma nakan fara ba da Un cadavre dans la bibliothèque na 1942 saboda gajere ne kuma yana kama mutum tun daga farko. Wahalarsu ita ce yawan sunayen Turawa, don haka ka shawarci makarancin ya ajiye 'yar takarda a cikin littafin yana rubuta sunan kowa da dangantakarsa da mamacin. Wannan ƙaramar dabara ta hana mutane da yawa ajiye littafi a tsakiya.

Akwai jeri biyu da suka yi suna amma nake taka-tsantsan da su. Agatha Raisin ta M. C. Beaton, wadda ta fara a 1992 kuma aka fassara na farkon da La Quiche fatale, tana da ban dariya da saurin karantuwa, amma jarumar mai kaifin baki ce, tana shan giya da sigari, tana kuma bin wani maƙwabcinta da so a fili. Ba zan ba yarinya 'yar sakandare ko dattijon da zai ga hakan rashin kunya ba, amma babban da ya saba da fina-finan Turai zai ji daɗinta. Le Murder Club du jeudi na Richard Osman, wanda ya fito da Ingilishi a 2020, labarin tsofaffi huɗu ne, Elizabeth da Joyce da Ron da Ibrahim, da suke haɗuwa kowace Alhamis suna tono tsofaffin shari'o'in kisa. Yana da tausayi ƙwarai, sai dai yana da tsawo, kuma zaman tsofaffi su kaɗai a wata unguwa ta musamman nesa da 'ya'yansu abu ne da yakan ɗaure wa mutanenmu kai, don haka ya fi kyau ya zama na uku ko na huɗu.

Lokacin miƙa littafin, guda ɗaya za ka bayar, domin tari yakan tsorata sabon makaranci. Ka faɗi wace ce jarumar da inda take zaune da matsalar da ta taso, ka tsaya nan, kada zumuɗi ya sa ka yi nuni ga mai laifin ko da da wasa. Bayan kwana uku ko huɗu ka tambaye shi wa yake zargi, saboda wannan tambayar tana sa mutum ya koma ga littafin fiye da tambayar ko ya gama. In ya ce labarin bai kama shi ba bayan shafi 50, ka karɓa ka canja masa wani ba tare da gardama ba.

Wajen samun littattafan, ka fara duba ɗakin karatu na Alliance française a Garwa ko na Institut français a Njamena, sannan ka riƙa leƙa wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi, inda akan dace da na Christie masu bango ruwan ɗorawa na kamfanin Le Masque. Kafin ka biya, ka buɗe ƙarshen littafin ka tabbatar shafukan ƙarshe suna nan, ba tare da ka karanta su ba, domin a cikinsu ne ake bayyana mai laifin, kuma su ne suka fi saurin yagewa a tsohon littafi.