Malamin Kiɗa, Ajiye Allin Nan Tukuna

Duk shekara idan aka turo mana ɗalibai masu gwajin koyarwa, a bencin baya nake zama in zuba ido. Fuskoki ne kawai ke canzawa, kurakuran suna nan yadda suke. Bakina ya gaji da jan mutum gefe a ofishin malamai, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya gani.

Na farko shi ne allo. Kiɗa da waƙa a firamarenmu suna cikin darasin al'adu da fasaha da ake kira CCA. Sai sabon malami ya shigo aji uku, ya ja layuka biyar, ya zana alamomin Turawa na rubuta kiɗa, ya ce a kwafa. Har lokaci ya ƙare ƙarar alli kawai ake ji. Da an buga ƙararrawar tara kuwa, 'yan matan nan da suka yi tsit za su kafa da'ira a gindin darbejiya su fara gaɗa, wannan ta faɗa, sauran su cafe, tafi na tafiya daidai babu mai saɓawa. Abin da ka zo koyarwa yana can waje, kai kana ciki kana goge hannu.

Hanyar da ake ta yi mana bita a kanta, ta Carl Orff, Bajamushe mai tsara kiɗa da ya fara gwada ta a wata makaranta a Munich a 1924, ya kuma bunƙasa ta tare da abokiyar aikinsa Gunild Keetman, daga magana take farawa, sai tafi, buga cinya da buga ƙafa. Yaro ya kwaikwaya, ya gwada, ya ƙirƙiro nasa, rubutu ya zo daga baya. Har cibiya aka buɗe mata a Salzburg ta ƙasar Austria a 1961. Mu da muka tashi muna jin kalangu na kiran sunan mutum a gidan biki, ai bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Ni da sunayen yara nake farawa. Kowa ya faɗi sunansa ya tafa shi, aji ya amsa. Daga nan in ce su tafa “gari” na zama, su tafa “gari” na tuwo. Da kansu za su gane ɗaya gajere ne ɗaya yana da ja. Sai sun ji bambancin a tafin hannunsu nake ɗaukar alli, wani lokaci sai zango na biyu. Akwai abokan aikina da ke ganin na cika jinkiri. Ban canza ba.

Kusa da wannan akwai masu ɗauko karin waƙar Turanci su cusa mata kalmomin Hausa da ƙarfin tsiya. Hausa tana da hawa da sauka. Idan kari ya ja murya sama inda ya kamata ta sauka, kukar miya za ta koma kukan hawaye, yara su yi ta dariya kai ba ka san dalili ba. Faɗi maganar da baki tukuna, ka bar karin ya bi ta.

Yanzu ga wanda har yau yake ci mini rai, don ni na aikata shi.

A shekarata ta biyu da fara aiki, a wata firamare a Tudun Wada, hedimasta ya ce in shirya waƙar ranar rabon kyaututtuka, manyan baƙi za su zo. Yara sun haura saba'in a ajin. Na jera su ina saurare ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa. Akwai wata yarinya, ba ta fi shekara tara ba, ta fi kowa ɗoki, amma muryarta ba ta zama inda ta sauran take. Na duƙa na ce mata, “Ke dai ki tsaya a baya ki riƙa motsa baki.” Aka yi taro, aka tafa mana, hedimasta ya ce na fitar da shi kunya.

Bayan shekaru masu yawa ina taya yadi a Kasuwar Bacci, wata mata da goyo ta durƙusa ta gaishe ni. “Malama, ba ki gane ni ba? Ni ce mai motsa baki.” Tana dariya ta faɗa. Ta ce har yanzu idan da mutum a ɗaki ba ta iya yi wa ɗanta waƙar rarrashi. Na koma gida ban sayi yadin ba.

To ku saurare ni, ƙannena. Wa ya gaya muku an ɗauke ku aiki ne don ku burge baƙi masu babbar riga da za su zauna awa ɗaya su sha lemo su tafi? Yaron da muryarsa ke yawo yawanci kunnensa ne bai saba ba, ko kuma kai malam ka ɗauko waƙar da muryarka ta babban namiji, can ƙasa inda maƙogwaron yaro ba ya kaiwa. Laifinka ne, kake ɗora masa. Ni yanzu irin wannan yaro kusa da ni nake zaunar da shi, tsakanin biyu masu ƙarfin murya, in ba shi gajeren amshi mai sauti biyu ko uku ya yi ta maimaitawa. Ba na kuma miƙa masa caki don in rufe masa baki da dabara, wannan ma korar ce aka yi mata kwalliya. Ranar taro duk aji ke fita. In baƙi sun ji wani ya kauce, su ji.

Sauran ƙanana ne. Kada ka zauna jiran a sayo maka kibod, ko an sayo ina wutar? Gwangwanin madara da tsakuwa, ƙwarya a kife cikin baho mai ruwa, shantu idan wata uwa ta ara maka, sun isa. Kada ka raba kayan kafin ka gama bayani, don ba wanda zai sake jin ka. Ku yi alamar tsayawa tun ranar farko. Tawa ɗaga hannu ce in dunƙule. Bulala kuwa ka bar ta a ofis, yaron da ke kallon ta ba zai ƙirƙiro komai ba. Idan ka ce su ƙirƙira, ka ba su iyaka, misali tafi huɗu kowa ya cike da nasa, in ba haka ba hayaniya za ka samu, malamin ajin kusa ya zo ya tsaya maka a ƙofa.

Sai maganar iyaye, wadda matasa ke rainawa. Nan Kaduna ce. A aji ɗaya za ka iske ɗan limami da 'yar fasto, ga kuma gidajen da har gobe suke ganin kiɗa sana'ar roƙo ce. Na taɓa shigo da ganga ba tare da na gaya wa kowa ba, washegari iyaye uku na jirana a bakin ofis, aka dakatar mini da darasin har ƙarshen zango. Tun daga nan nake zuwa taron iyaye da malamai na farko, in karanta musu baitocin da za mu yi, waƙoƙin wasa da na aiki da na tsafta, babu na ibadar kowa. In uba ya ce ba ya son ganga, ba na musu da shi. Ina ce masa, “To Baba, tafi fa?” Ɗansa sai ya zauna a ɓangaren masu tafi.