Yadda Ake Tsara Bayanan Diyya a Inshorar Mota da Gobara

A ware jadawali huɗu na adana bayanai: yarjejeniyar inshora, kadarar da aka yi wa inshora, neman diyya, da biyan kuɗi. Kowane neman diyya ya zo da ranaku uku daban: ranar haɗari, ranar kai rahoto, ranar biya. In aka cakuɗa su, ƙiyasin asarar da ba a kawo rahotonta ba tukuna zai lalace.

Kada a goge kuɗin da aka tanada don diyya. In ya tashi daga naira 400,000 zuwa 650,000, a ƙara sabon layi na 250,000 da ranarsa.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne yarjejeniya ɗaya mai neman diyya uku: in an haɗa jadawalin yarjejeniya da na neman diyya kai tsaye, kuɗin inshorar da mai yarjejeniyar ya biya zai fito sau uku. A fara tara diyyar kowace yarjejeniya, sannan a haɗa.